Gatarin gado: ta yaya za a gane shekarunsa da inda aka ƙera shi?

Ɗan Takai:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon masu ilimin ƙira da na tarihi. Ga hotunan wani gatari da muka ciro daga tsohon rumbun gidanmu da za a rushe. Ba irin na kanti ba ne mai rami da ake zura ƙota a ciki, irin namu ne mai tsini a baya wanda ake cusawa a kan ƙota. Daga baki zuwa ƙarshen tsinin santimita 21 ne, faɗin bakin kuma kamar yatsu huɗu. Ya yi baƙi ƙirin, tsatsa ta ci shi ramuka-ramuka, kuma a gefe guda akwai sara guda uku a jere waɗanda da gani da gangan aka yi su. Ƙotar ta ƙirya ce.

A gida ana cewa na kakan kakanmu ne, wai da shi ya bi Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu mai neman sarautar Kano, lokacin basasar Kano. Tambayata biyu ce: akwai hanyar da za a tabbatar ya kai waɗannan shekaru? Kuma za a iya sanin garin da aka ƙera shi?

Mai Kayan Da:
Wa'alaikumus salam. Wannan tsatsar kaɗai ta isa shaida. Na daɗe ina harkar tsofaffin kaya, wannan ba zai gaza shekara 300 ba. Ka yi min magana ta ciki mu daidaita.

Ɗan Maƙera:
Alhaji, a yi haƙuri, tsatsa ba ta ba da shekaru. Fartanyar da aka manta a fadama damina biyu sai ta fi wannan lalacewa, alhali wuƙar da ke rataye a ɗaki mai hayaƙi tana iya shekara ɗari ba ta yi rami ko ɗaya ba. Tsatsa inda abu ya kwana take gaya maka.

Na kai wa mahaifinmu hotunan, shi a maƙera ya tashi, yanzu ƙarfi ya ƙare sai dai ya zauna yana duba aikin yara. Ya ce ƙirar hannu ce babu shakka, ga sawun masaba nan a jiki, kuma kafaɗun biyu ba su yi daidai da juna ba. Amma ya ce in gaya maka, ɗana, ƙirar hannu daban, tsufa daban. Irin wannan gatari ko jiya an ƙera shi, siffar ba ta sauya ba tun kakanni. Abin tambaya shi ne da wane ƙarfe aka yi shi: na tama ne, ko ƙarfen Turawa ne aka sake bugawa.

Ɗan Takai:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. To ƙotar fa? Ta tsufa sosai, har inda ake riƙewa ya lotsa.

Ɗan Maƙera:
Ka cire ƙota daga lissafi. Gatarin da ake aiki da shi yana cin ƙota da yawa a rayuwarsa. In ta tsage sai a sassaƙa wata, a gasa tsinin a wuta ya yi ja, a ƙona masa hanya a kan sabuwar. Wadda ke jikinsa yanzu ta nuna mutumin ƙarshe da ya yi aiki da shi ne kawai.

Injiniyan Ƙarfe:
Maganar Baba ita ce gindin zancen, bari in ɗan buɗe ta yadda kowa zai gane abin da za a nema.

Yadda magabata suke fitar da ƙarfe daga tama, wato dutsen da ke ɗauke da ƙarfe, ƙarfen ba ya narkewa ya zama ruwa. Ƙarfe zalla sai zafi ya kai digiri 1,538 yake narkewa, murhun gawayi da zugazugi kuwa yana tsayawa ne wajen 1,200. Abin da ke narkewa shi ne dattin dutsen, shi ne kashin da ake gani zube a tsofaffin wuraren aikin tama. Ƙarfen kansa dunƙulewa yake yi a gindin murhu, curi mai ƙofofi cike da wannan datti. Sai maƙeri ya yi ta gasawa yana dukansa, yana ninkewa yana sake duka, har ya matse mafi yawan dattin. Amma duk ƙwazonsa ba ya fita duka. Ragowar tana miƙewa a cikin ƙarfen ta zama siraran layuka masu bin tsawonsa.

Shi ya sa idan tsatsa ta ci ƙarfen tama da kyau, sai ka ga jikinsa da zare-zare kamar ɓawon rake da aka tsotse. Wani wurin ma sai ka ga ya ɗan ɗaye, inda ninki bai kama sosai ba.

Ƙarfen masana'anta kuwa, tun daga dabarar sarrafa ƙarfe da Baturen Ingila Bessemer ya fito da ita a 1856 zuwa yau, narkar da shi ake yi ya zama ruwa, datti ya taso sama a kwashe. Jikinsa bai ɗaya ne. In tsatsa ta ci shi, ramuka zagayayyu take yi barkatai, ba layi. Ƙarfen layin dogo da sifirin na mota, waɗanda maƙeranmu suka koma amfani da su, duk irin wannan ne.

Saboda haka Ɗan Takai, ka fita da shi rana, ka karkata shi yadda haske zai zo ta gefe, ka ɗauko mana hoto kusa-kusa, musamman wajen wuya inda faɗin ya fara tsukewa.

Abu Mai Walda:
Duk wannan dogon zance ne. A ɗora shi a injin washi daƙiƙa biyu. In tartsatsin ya fito dogo ja-ja ba ya fashewa, ƙarfe mai laushi ne irin na da. In ya fito fari yana fashewa kamar taurari, sifirin ne. Kullum haka muke gane ƙarfe a shago.

Malama Mai Tarihi:
Don Allah Malam Abu kar a ba shi wannan shawarar. Gwajin gaskiya ne, ban musa ba, amma na ƙarfen da za a yi aiki da shi ne. Inda injin ya taɓa ya tafi ke nan har abada, kuma wannan baƙar fatar da ke jikinsa tana cikin abin da masu bincike ke dubawa. Ɗan Takai, kar ka kankare shi, kar ka jiƙa shi a ruwan batir ko tsami, kar ka wasa bakin.

Injiniyan Ƙarfe:
Ina bayan Malama. Ƙari a kan haka, tartsatsi yawan sinadarin kabon yake nunawa, ba asalin ƙarfe ba. Murhun tama yakan fitar da curin da wani ɓangarensa ya sha kabon sosai har ya yi tauri, wani ɓangaren kuma laushi. Ka ga ke nan gatari ɗaya zai iya ba ka tartsatsi iri biyu, ya danganta da inda ka taɓa.

Abu Mai Walda:
To na ji. Amma ni dai ban taɓa ganin tartsatsi ya yi min ƙarya ba.

Malama Mai Tarihi:
Bari in sa shekaru a maganar don mu san tsakanin ina da ina muke nema.

Aikin tama a wannan yanki ya tsufa ƙwarai. A Taruga, kusa da Abuja, an tono murhunan tama na mutanen Nok waɗanda suka girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. A Dutsen Dala an sami shaidar aikin tama tun wajen ƙarni na 7, kuma tarihin Kano da ake bayarwa ya danganta farkon zaman wurin da Abagayawa, maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama. A Samaru ta Zariya ma an tono irin waɗannan wurare. Wato ko an tabbatar ƙarfen tama ne, ƙofar baya a buɗe take fiye da shekara dubu.

Ƙofar gaba ce ta fi amfani gare mu. Basasa ta tashi bayan rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Bello a 1893, tsakanin ɗansa Tukur da Yusufawa, ta ƙare a 1895, kuma Takai ce Yusufawa suka yi sansani. Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga nan ƙarfen waje ya fara samuwa da araha, sannan motoci suka zo da nasu tarkacen. Aikin tama wahala ne: haƙo dutse, sare itace, ƙona gawayi, gina murhu, kwana ana zuga. Da aka sami ƙarfen da ba ya buƙatar wannan duka, sai sana'ar ta yi ta ja da baya har ta mutu.

Don haka idan gatarin nan ya zama na ƙarfen dogo ko sifirin, labarin basasa ya faɗi, domin ba a yi waɗannan a Kano ba a 1894. Idan kuwa na tama ne, labarin yana iya zama gaskiya.

Ɗan Tawa:
Malama, ina gaisuwa daga Nijar. Ina so in ja kunne kan wannan "daga 1911". Jirgi ya iso birni ne, bai iso kowane ƙauye ba. Mu a nan Adar an ci gaba da aikin tama shekaru da yawa bayan haka, har wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta zo a shekarun 1960 ta tarar da maƙeran da suka san aikin da hannunsu, ta zauna da su ta rubuta. Manomi a ƙauye mai nisa da tasha zai iya sayen gatarin tama sabo fil a 1930. Kuma ƙarfe yana tafiya. Ana kai curin tama kasuwa a sayar, maƙerin wani gari ya saya ya ƙera. To in an ce "daga ina yake", dutsen ake nufi ko maƙerar?

Malama Mai Tarihi:
Wannan gyara ne mai kyau, kuma shi ya sa na ce "yana iya zama". Tama ba ta tabbatar da 1894, hana ƙaryata shi kawai take yi.

Ɗan Maƙera:
Baba ya ƙara da wani abu da ya yi daidai da na Ɗan Tawa. Ya ce a da ba a yar da ƙarfe. Garma in ta cinye a mayar da ita fartanya, fartanya in ta cinye a haɗa ta da wata a fitar da lauje ko wuƙa. Ya ce shi da idonsa ya ga mahaifinsa yana haɗa guntayen tsofaffin ƙarafa a wuta ya fitar da gatari. Ke nan ƙarfen yana iya girmar gatarin nesa ba kusa ba.

Hajiya Uwar Gida:
Ni tambayata daban ce. Wannan ba shi ne gatarin aradu da ake faɗa ba? Kakata tana da wani a cikin tukunya, ba ta bari yara su taɓa.

Malama Mai Tarihi:
A'a Hajiya, wancan na dutse ne, sumul, ba ƙarfe ba. Mutane suna tsintar su a gona bayan ruwa ya wanke ƙasa, shi ya sa aka danganta su da tsawa. Masu binciken tono sun nuna kayan aiki ne da mutanen da suka gabaci zamanin ƙarfe suka goga da hannu. In har na kakarki yana nan, ya girmi wannan da muke magana a kai da nisa, ki adana shi.

Ɗan Takai:
Na dawo da hotuna. Na yi yadda Injiniya ya ce. Ƙotar da ma ta saki, da na ɗan girgiza sai ƙarfen ya zare da kansa, ban buga ba. Ku duba tsinin: inda yake cikin itace bai yi ramuka ba, amma akwai layuka sirara suna bin tsawonsa, kuma a wuya akwai wani wuri da ya buɗe kamar leɓe, har farcena yana shiga. A bakin kuma ban ga wani layi da ya raba shi da sauran jikin ba.

Injiniyan Ƙarfe:
Madalla, hoto na uku ya yi magana. Wannan buɗewar ta wuya haɗi ne da bai kama ba, kuma layukan suna tafiya yadda ake tsammani a ƙarfen da aka ninka aka buga. Sifirin ba ya yin haka. A ganina an fitar da ƙarfen mota da na dogo daga zance.

Saura abu guda da ya hana ni cewa tama kai tsaye. Turawa ma kafin ƙarfen zamani suna da nasu ƙarfe mai irin wannan zare, kuma sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna kawo shi gaɓar tekun Afirka ta Yamma sanduna-sanduna ana musaya da shi. Ko bayan zuwansu nan, akwai tsofaffin sarƙoƙi da ƙusoshi na irin wannan ƙarfe. Ido ba zai raba su da tama ba. Abin da zan ce, nasu da injin ya murza layukansa sukan miƙe sambal a jere, na gatarin nan kuwa suna karkacewa suna haɗuwa, wanda ya fi kama da aikin masaba tun daga curi. Wannan ra'ayi ne daga hoto, ba hukunci ba.

Rashin layi a baki ma labari ne. Tsofaffin gatura na Turai da Amurka yawanci jikinsu ƙarfe mai laushi ne, sai a liƙa guntun ƙarfe mai tauri a baki, kana iya ganin iyakar. Kuma sukan zo da hatimin kamfani, irin su Elwell na Ingila ko Collins na Amurka, kamar dai yadda kowa ya san addar nan mai tambarin kada. Da irin wannan ne da mun gama tun jiya, domin hatimi yana da tarihin da za a bi. Namu ba shi da wannan gatan.

Ɗan Takai:
To sara ukun nan fa? Ba hatimin maƙerin ba ne?

Ɗan Maƙera:
Na tambaya. Baba ya ce a gidanmu ba a sa wa gatarin aiki alamar maƙeri, domin mai saye ya san wanda ya ƙera masa, gari ɗaya suke. Amma mai kaya yakan ce a yi masa alama saboda aro, kar nasa ya ɓace cikin na maƙwabta. Ya ce ka duba: in gefen saran ya ɗan kumbura sumul, da zafi aka yi shi a maƙera. In kuwa bakin saran kaifi ne kuma bai yi zurfi ba, daga baya aka yi shi a sanyi.

Ɗan Takai:
Ya kumbura, kuma da zurfi.

Ɗan Maƙera:
To a maƙera aka yi shi, ƙarfen yana ja. Ko ranar ƙira, ko ranar da aka mayar da shi gyara.

Ɗan Tawa:
Nan ne nake ganin za a iya samun garin. Ba daga littafi ba, daga tsofaffin maƙeran yankinku. Yadda ake fitar da kafaɗa, tsawon tsini, yadda baki ke buɗewa, kowane gida da hannunsa. Ka ɗauki ƙarfen ka kai wa Sarkin Maƙeran garinku ya riƙe a hannu. Abin da zai gani a minti ɗaya ba za mu gan shi a hoto ba.

Mai Kayan Da:
Kun gani ko? Maganata ta fito, tsoho ne. Tayina yana nan.

Malama Mai Tarihi:
Alhaji, ba wanda ya ce 300 a nan sai kai. Kuma Ɗan Takai ya sani, dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta sa kayan sana'ar hannu da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ba kowa ke da izinin saye da sayar da su ba, kuma ba a fitar da su waje sai da takardar hukumar. In labarin gidansu gaskiya ne, gatarin ya shiga wannan layi.

Mai Kula da Zaure:
A bar maganar ciniki a nan, ba dandalinta ba ne. A ci gaba da ilimi.

Ɗalibar Kimiyya:
Malamai, ba za a iya yin gwajin kabon-14 ba? Na ji da shi ake gane shekarun kayan tono.

Injiniyan Ƙarfe:
Ana yi wa ƙarfe, ƙanwata, saboda kabon ɗin da ke cikin ƙarfen tama daga gawayin itace ya fito, kuma gawayin yana da shekaru. Amma a nan ba zai biya buƙata ba. Sai an yanki ƙarfen, sai an tura waje, ga tsada. Babbar matsalar kuma, daga wajen 1650 zuwa 1950 gwajin ba ya rarrabe shekaru da kyau, sakamako ɗaya yana iya dacewa da 1700 da 1890 da 1930 a lokaci guda. Mu kuwa abin da muke son rabawa ke nan.

Wanda zai yi amfani kuma ba ya ɓata kaya shi ne na'urar XRF, wadda ake haska wa ƙarfe ta faɗi sinadaran da ke ciki. In ta nuna manganis da yawa ko kuromiyam, ƙarfen masana'anta ne na zamani. In babu su, ya ƙarfafa abin da muka gani a hoto. A nemi shawarar sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ko ma'aikatan Gidan Makama a Kano, su za su nuna inda ake yi. A haska a tsinin, inda tsatsa ba ta yi kauri ba.

Malama Mai Tarihi:
Ni kuma abin da ya fi damuna ba ƙarfen ba ne, shi zai jira. Masu labarin ne ba za su jira ba. Ɗan Takai, wa ya fi kowa tsufa a gidanku?

Ɗan Takai:
Ƙanwar kakana, Iya. Ta haura tamanin, amma hankalinta garau.

Malama Mai Tarihi:
To ka fara da ita kafin jami'a. Kar ka ce mata "wannan ne na basasa ko?", domin za ta ce e. Ka miƙa mata shi ka ce "Iya, me kika sani game da wannan?", ka kunna rikoda a waya ka yi shiru. Daga baya ka tambaye ta a hannun wa ta fara ganinsa, tana da aure a lokacin ko ba ta yi ba, ana aiki da shi ko a ajiye yake, wa ya sa masa wannan ƙotar, kuma wane gidan maƙera ne ke yi wa gidanku aiki. In ta ce tun tana yarinya a ajiye yake ana cewa na kakanta ne, ka ga ka kai shi shekarun 1940 a matsayin tsohon abu da bakin shaida, kuma lissafin kakanni ya kai ka daidai zamanin da ake faɗa. Ka tambayi wani tsoho daga wani ɗakin daban, ba a gabanta ba, ka ga ko zancen zai haɗu.

Sannan ka shirya jin cewa gatarin sassabe ne da saran itace. Siffarsa ta aikin gona ce. Wannan bai rushe labarin ba, domin talakan da aka tara zuwa yaƙi yakan fita da abin da ke hannunsa, amma ƙarfen ba zai taɓa nuna maka ya je Kano ko bai je ba.

Ɗan Takai:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ranar Juma'a zan je gida wajen Iya, daga nan in nemi Sarkin Maƙera. Kafin nan in shafa masa man gyaɗa ne don kar tsatsar ta ci gaba?

Ɗan Maƙera:
Mu mai muke shafawa, kowane iri ya samu.

Injiniyan Ƙarfe:
Ga kayan aiki haka ne, amma wannan a dakata tukuna. Man girki yana daskarewa ya yi danƙo ya kama ƙura, kuma gara masu dubawa su same shi yadda yake. Ka share ƙurar da busasshen burushi mai laushi, ka naɗe shi a takarda ko farin ƙyalle, ban da leda domin tana tara gumi. Ka ajiye shi a sama, nesa da randa da bangon da ke jiƙa da damina. Ƙotar ma kar a yar, a ajiye ta tare da shi, kuma kar a mayar da tsinin ciki sai an gama dubawa.